Sifikar Da Ba Ta Yi Shiru Ba

Ranar da ta fara shiga shagonsa leɓenta a fashe yake.

Ta same shi duƙe kan wata tsohuwar amfilifaya yana liƙe waya da dalma. Ya ɗago ya dubi idonta, ya dubi leɓen, bai tambaya ba. Wannan shirun ne ya fara shiga ranta.

"Sifika nake so, babba," ta ce. "Wadda za ta fi ta Tsawa ƙara."

Duk mai harkar kiɗa ya san Tsawa, mai ba da hayar kayan sauti. Sifikunsa kamar firji, ƙarti uku ke ɗora su a mota. Shekara biyu tana waƙa a ƙungiyarsa, shi kuma yana binta da maganar aure. Jiya ta ce masa ba ta sonsa, za ta kuma riƙa waƙarta ita kaɗai. Makirfon da ke hannunsa ya buga mata a baki. A gida ta ce faɗuwa ta yi a bene, don ta san Abba, mahaifinta, yana jin gaskiya zai hana ta waƙar gaba ɗaya.

"Mutum nawa kike yi wa waƙa?" mai gyaran ya tambaya.

"Hamsin. In ya yi yawa ɗari."

"Wa zai ɗaukar miki kayan?"

"Ni mana."

"To babbar sai dai ita ta ɗauke ki."

Dariya ta ƙwace mata, leɓen ya sake tsagewa. Ya miƙo mata auduga, sannan ya janyo wata ƙaramar sifika mai taya biyu da hannun ja.

"Kilo goma sha biyu ce. Ga wurin jona jita. Makirfonta ba shi da waya, yana kai taku sittin. Akwai batir a cikinta, ko an ɗauke wuta za ta yi awa shida ba ta ko tari ba. Abu ɗaya, kar ki tsaya a gabanta da makirfo, kuka za ta yi. Gwada mu ji."

Ta rufe ido ta rera baiti ɗaya. Da ta buɗe, sai ta ga yana yarfe hannu. Ya dafa bakin ƙarfen dalma bai sani ba.

"Sannu, Injiniya."

"Ke kika ja min, Kanari."

Sunayen da suka bi su ke nan.

Wata huɗu tana jan sifikarta zuwa ƙananan taruka, walimar ofis, liyafar makaranta, shagon shayi mai kujeru ashirin. Kafin ta hau dandamali sai saƙonsa ya shigo:

"Kanarina, kin yi caji? Ki rage bas ɗin sautin, ɗakin ƙarami ne. Zuciyata kuma ki bar ta yadda kika same ta, ta riga ta ƙure."

Ita kuma ta mayar: "Injiniya sarkin surutu. Na yi caji. Ka ci abinci, kar ka sake cin dalma."

Da ya ce zai turo manyansa, kwana ta yi tana murmushi. Sai dai labari ya riga su isa kunnen Tsawa.

Da tsakar rana suka dira shagon, shi da ƙartinsa. Maƙwabcin shagon ne ya ba ta labari daga baya. Sun farfasa kantar shagon, sun tattake sifikun mutane, sun raba wayar salular Injiniya biyu. Injiniya ya rarumi maganaɗisun wata sifika ya jefa, ya tsaga goshin Tsawa. Sai ƙarti biyu suka danne Injiniya, suka shimfiɗa hannunsa na dama kan teburin aiki. Tsawa ya ɗaga ƙarfen tsayar da makirfo ya sauke sau uku.

Kafin la'asar Tsawa yana falon Abba, kansa naɗe da bandeji, ya durƙusa har ƙasa.

"Abba, nasiha kawai na je yi masa, don na ji yana wasa da ƙanwata. Ka ga abin da ya yi min."

Ta fito tana kuka. "Abba, wallahi ƙarya yake! Shi ne ma ya fasa min baki kwanaki!"

"Ba ke kika ce faɗuwa kika yi ba?" Abba ya daka mata tsawa. "Yau kuma don ɗan daba za ki canza magana? Muddin ina numfashi mai fasa kan mutane ba zai aure ki ba."

Ƙaryarta ta farko ta cinye gaskiyarta. Kwana tara tana kiran layinsa a kashe, shagon a rufe. Har ta fara raya wa ranta ya gudu ya bar ta. A rana ta goma saƙo ya shigo da baƙuwar lamba:

"Kanari, ni ne. Da hagu nake rubutu, ki yi haƙuri da jinkiri. Yatsu uku sun karye. Likita ya ce wataƙila in sake riƙe ƙarfen dalma. Ko ban riƙe ba, ke dai ban sake ki ba."

Ta jiƙa wayar da hawaye kafin ta iya amsawa: "Asabar ana walimar ritayar Abba a zauren ma'aikatarsu, ƙarfe uku. Ni zan yi waƙa. Ka tsaya ko a bakin taga ne in gan ka, masoyina."

Ranar Asabar mutum kusan tamanin suka cika zauren. Ta jona sifikarta a bango, ta yi waƙa biyu. Can bayan taga ta hango shi, hannunsa rataye a wuya, ya rame. Tsawa ma ya hango shi, daga kujerar da Abba ya ba shi a sahun gaba.

Da aka tashi ɗibar abinci, Tsawa ya zagayo ya fizge filogin sifikar daga bango. Shekara goma sha biyar yana aiki da manyan kaya, kuma a saninsa in ka zare wuta komai ya mutu. Ya damƙi wuyan hannunta ya ja ta zuwa lungun da ke bayan dandamali, ya tura ƙofa.

Bayanta ya bugu da bango. Makirfon na hannunta, ƙaramar fitilarsa kore shar. Ta tuna: awa shida, taku sittin. Ta matse shi a ƙirjinta.

"Ke kika kira shi ko?" Ya ɗauke ta da mari, kunnenta ya yi ɗif. "Bakin da na fasa miki bai ishe ki ba? Hannu ɗaya na karya masa, yau zan cika ɗayan. Tsohon naki kuwa a tafin hannuna yake, bandeji kawai na nuna masa ya haɗiye."

Ya shaƙe ta. Numfashinta ya fara yankewa, amma ba ta saki makirfon ba. Ta cikin ƙofar tana jin kakarinta na fita a zauren, da ƙarar cokula na zubewa.

Ƙofar ta ɓalle. Injiniya ne, ya shigo da kafaɗa. Tsawa ya sake ta ya kai masa naushi a kan karayar. Ihun da ya yi har cikin ƙashinta ta ji shi, amma bai ja da baya ba. Ya sa goshi ya daki hancin Tsawa, jini ya ɓalle, suka zube tare. Tsawa ya hau kansa ya ɗaga hannu.

Kujerar ƙarfe ta sauka a gadon bayan Tsawa. Abba ne riƙe da ita, hularsa ta faɗi.

"'Yata? A tafin hannunka?" Ya sake ɗagawa, sai da abokan aikinsa uku suka riƙe shi. Masu gadi suka danne Tsawa har 'yan sanda suka iso.

A barandar asibiti Abba ya daɗe yana kallon sabon filastan da aka ɗaura wa Injiniya.

"Kai ka zaɓa mata wannan sifikar?"

"Ni ne, Abba."

"Me ya sa ƙarama?"

"Don ta iya ɗauka ita kaɗai. Kada ta sake jiran wani."

Abba ya share ido da bakin hannun riga. Ya dubi shatin yatsun da ke wuyanta.

"Ki yafe min, uwata. Kai kuma ka turo manyanka."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Yatsunsa biyu sun warke, na ukun ya ɗan karkace, amma yana riƙe ƙarfen dalma. A wurin walima Abba ya karɓi makirfo zai sa albarka, ya je ya tsaya daidai gaban sifikar. Ta ƙwala kuka, jama'a suka toshe kunne. Ango ya taso da sauri ya kama hannun surukinsa ya matsar da shi gefe.

"Nan za ka tsaya, Abba."

"To, Injiniya, na ji." Abba ya gyara murya. "Allah ya yi muku albarka. Allah ya sa hannun nan kada ya taɓa ɗaguwa a kanta sai da alheri, muryar nan kuma kada ta sake yin kuka sai na daɗi."

Zauren ya amsa da amin. Kanari ta lalubo karkataccen yatsan ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba.