Binciken Inna Asabe

Inna Asabe na tsintar shinkafa a tsakar gida Mufida ta durƙusa gabanta, ko fararen kayan asibiti ba ta cire ba.

"Inna, Anas ya ce in tambaya, ko iyayensa su zo ranar Asabar?"

"Su zo su yi me?" Inna ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na faɗa miki ba zan ba malamin firamaren nan 'yata ba, mutumin da ya mai da kansa na kowa da kowa! Ko zance sai Juma'a da rana yake leƙowa. Tun yanzu ba shi da lokacinki."

"Haba Inna! Shekara biyu fa yana jira. Kuma Baba ma ai malami ne."

"Shi ya sa!" Inna ta dire tiren. "Allah ya jiƙan babanki, mutumin kirki ne, amma na jama'a ne. Ranar da zan haife ki yana Hotoro yana sasanta rigimar wasu, maƙwabta suka kai ni asibiti. Gari na yabonsa, ni ina cin tuwo ni kaɗai."

Mufida ta fashe da kuka, amma ba ta yi musu ba. Da ta gaya wa Anas a waya, cewa ya yi, "Uwa ce, Mufida. Mu ƙara haƙuri."

Sai dai yarinya ta yi ta ramewa, abin ya dami Inna. A al'ada maza ake turawa binciken mai neman aure, kuma Kawu Inuwa, ƙanen marigayin, ya je ya dawo da yabo fal baki. Inna ta ce yabo kam ta ci ta ƙoshi. Ran Laraba bayan la'asar ta zumbula hijabi, ta tari adaidaita a bakin titin Gyaɗi-Gyaɗi, ta ce Babban Giji, unguwar su Anas. Aibi ta fita nema, kuma ta sha alwashin ba ta dawowa hannu biyu.

"Ɗan nan, ka san wani Malam Anas?"

"Hajiya, wa bai san shi ba!" in ji direban, wani mai surutu wai shi Murtala. "Da na zo daga ƙauye ko sunana ban iya rubutawa ba. Yanzu ni nake karanta wa iyalina katin awo. Kyauta yake koya mana a ƙofar gidansu, mu da leburori. Shi ya haɗa mu muka yashe kwalbatin layin kafin damina."

Inna ta taɓe baki. Wannan labarin ai ta haddace shi.

"Ke nan ba shi da aibi?"

"Yana da shi mana, babba ma! Da an idar da magariba ya shige gida, shi ke nan, ko mai unguwa ne sai dai ya dawo gobe. Rannan muna tsaka da rikicin tasha muka roƙe shi minti goma kacal, ya ƙi. Wai tsohuwarsa, tun da ɓarin jikinta ya shanye, ba ta cin abinci sai daga hannunsa. Wallahi har haushi ya ba mu!"

Suka shawo kwana, sai ga Malam Anas, siriri, alli ya ɓata masa gaban riga, magidanta masu furfura na bin bakinsa a kan benci.

"Mun iso, Hajiya."

"Juya, ɗan nan. Mai da ni gida."

Ta madubi Murtala ya ga tana share ido da gefen hijabi.

Ta tarar da Mufida na hura gawayi.

"Ki ce iyayen Anas su zo Asabar ɗin nan. Shi kuma in ya zo gaishe ni, kada ki tsare shi da surutu har magariba, akwai mai jiransa."

"Inna!" Mufida ta rungume ta, dariya da hawaye a haɗe.

Haƙurin yaran nan bai faɗi ƙasa banza ba. Hidimar jama'a alheri ce, amma ta gaskiya daga cikin gida take farawa. Yau shekara uku da bikin, Malam Anas na nan da allonsa. Da an yi magariba kuwa tsofaffi biyu ne a tabarmarsa, don da kansa ya je ya ɗauko Inna, kuma ba ta sake cin tuwo ita kaɗai ba.