Awa Biyar Kacal

A ofishin sayar da tikitin jirgi ya fara ganinta, ranar da ya je neman kujerar komawa ƙasar da yake aikin walda. Rasuwar mahaifiyarsa ce ta kawo shi, bai kuwa samu jana'iza ba. Ta dubi jajayen idanunsa ta ce, "Malam, zauna ka sha ruwa tukuna, jirgin ba yau zai tashi ba."

Daga nan ta riƙa kiransa Baƙona, shi kuma yana kiranta Fitilata.

Ya koma, soyayya ta koma cikin waya. "Fitilata, awa biyar ce kacal tsakaninmu." Ita da ke yanka tikiti ta san jirgin sai ya yada zango a wata ƙasa, amma so bai bar ta ta faɗa ba.

Da ya aiko magabatansa, mahaifinta, tsohon direban tirela, ya ce a kira masa yaron a waya.

"Awa biyar, ko? Yaro, na tsufa a kan titi. Nisa ba a taswira yake ba. Kai da ba ka samu gawar uwarka ba, in na faɗi, wa zai kawo mini 'yata? Duk safiyar da na kira ka, in ka iso kafin faɗuwar rana, taka ce."

Ga shi mai kemis na maƙwabta ya fara zarya, yau maganin hawan jini kyauta, gobe gaisuwa har ƙasa.

Wata safiya kiran tsohon ya shigo. Ya jefar da ƙarfen hannunsa ya ruga. Jirgin ranar ya cika. Na washegari ya ajiye shi a ƙasar da ba ya jin yarensu, ya yini a kan benci yana kallon allon tashin jirage, rana ta faɗi a gilashi karo na biyu.

Ya rubuta mata, "Fitilata, Baba ya yi gaskiya. Ƙarya nake wa kaina tun rasuwar Inna. Ki yafe mini."

Ta karanta a bayan kantar ofis, ta kifa kai a kan na'ura. Shirunta ya ɗauka sallama ce.

Duk da haka ya juya ya kwaso kayansa. Sai da mako ya zagayo ya yi sallama a ƙofar gidansu, ya rame, da akwatuna uku da injin waldarsa ɗaure da igiya.

Tsohon ya ce, "Ka makara."

"Na makara, Baba. Shi ya sa ban yanki tikitin komawa ba."

"Aikin fa?"

"Ƙarfe ko'ina ƙarfe ne."

Tsohon ya daɗe yana duban injin. "To, yanzu nisan nawa ne?"

"Daga nan zuwa rumfar da na kama a bakin layi."

Kuka ya ƙwace mata daga bayan labule.

"Ke, ya isa! Kawo wa baƙonki ruwa, ya daina zama baƙo. Allah ya yi muku albarka, ya sa ku a kusa ranar da zan buƙace ku."