Ƙafar Baba da Barcin Auta

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da kowa a gidansu yake ce wa Auta. Babanta mai aski ne. Yana da ɗan shago a bakin titi, mai kujera ɗaya da babban madubi. A tsaye yake wuni, almakashi yana ƙara a hannunsa, bakinsa kuma ba ya hutawa da zolayar masu zuwa aski.

Wata rana Baba ya faɗi a shago. Aka kai shi asibiti, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Da ya dawo gida, ƙafarsa ta hagu ta ƙi ɗaukarsa. Aka rufe shagon.

Likita ya ce, "Ƙafar za ta iya dawowa. Amma sai ya taka ta kullum da safe. Ba fashi. Kuma dole wani ya riƙe shi."

Mama tana aiki a gidan burodi, tun duhu take fita. Yaya yana makarantar kwana. Saura wa? Saura Auta.

"Za ki iya?" in ji Mama.

"Haba Mama! Wannan ai ba aiki ba ne," in ji Auta.

Da farko kam ta yi abin kirki. Tana tashi da asuba, ta yi salla, ta goge haƙora, ta sha ruwa. Sai ta ba Baba maganinsa, ta miƙe masa ƙafar ta lanƙwasa yadda likita ya koya mata. Daga nan su fita, shi da sanda a dama, ita a hagu. A hankali suke tafiya har ƙarshen layi.

"Auta, ke ce direba, ni ne tsohuwar mota," in ji Baba. "In na tsaya, tura."

Ita ma tafiyar ta karɓe ta. Tana isa makaranta ido garau, kafin a buga ƙararrawa.

Ran nan aka wayi gari da ruwan sama. Baba ya ce, "Yau a huta." Auta ta koma ta ja bargo. Kai, barcin safe akwai daɗi! Washegari babu ko ɗigon ruwa, amma Auta ta sake jan bargo. Tun daga nan ba ta ƙara tashi a kan lokaci ba.

Sai rana ta fito take zabura. Ta watsa ruwa, ta zura kayan makaranta, ta fito da gudu. Kullum takan tarar da Baba a kan kujera a bakin ƙofa. Ya sa hula. Ya sa takalma da kansa, da hannu ɗaya, abin da yake ɗaukarsa lokaci mai tsawo. Sanda na jingine a gwiwarsa.

"Baba, na makara. Gobe za mu je."

"To, Auta. Allah ya kai mu."

Gobe ta zo, aka sake cewa gobe. Baba bai taɓa tashinta ba. Mutum ne mai kunyar roƙo, ko da a wurin 'yarsa. In ta fita, sai ya sunkuya ya cire takalman.

A makaranta ma abin ya nuna. Malama ta ce, "Ke da kike riga kowa zuwa, me ya same ki? Kullum makara, kullum hamma."

"Ba komai, Malama."

Da yamma Mama takan tambaya, "An fita yau?"

Auta sai ta kama wanke-wanke da ƙarfi. Baba kuwa sai ya ce, "Sannu da aiki. Kin gaji, zauna tukuna." A haka maganar take bin iska.

Ranar komawa asibiti ta zo. Su uku suka je. Likita ya kama ƙafar ya lanƙwasa. Baba ya cije leɓe, gumi ya keto masa.

"Tashi ka taka mu gani."

Baba ya yunƙura. Ya ɗaga ƙafar, ta ƙi. Ya sake gwadawa, ya tafi luu zai faɗi, Mama ta tare shi.

Fuskar likita ta canza. "Malam, wancan zuwan ka fi haka. Ƙafar nan ta sandare. Kana tafiyar da na ce?"

 

Baba ya sunkuyar da kai. "Laifina ne, likita. Kasala ce ta kama ni."

"Kasala? Babba da kai? Kana son ka ƙare rayuwarka a kan kujera? In ba ka son komawa aikinka, ka faɗa mini, in daina wahalar da kaina!"

Ƙofa a buɗe take. Masu jiran layi duk suna ji. Aka yi wa Baba faɗa kamar ƙaramin yaro, shi kuwa ba abin da yake cewa sai, "A yi haƙuri."

Mama ta dube shi, idonta ya kawo ruwa. "Ni ina can gaban wuta tun asuba, ashe kai kana kwance?"

Wannan maganar ce ta fi yi wa Auta ciwo. Ta fashe da kuka.

"Ba shi ba ne! Ni ce! Kullum yana shiryawa yana jirana. Ni ce nake barci."

Likita ya ajiye alƙalaminsa. Ya dubi Baba, ya ce a hankali, "Ka yafe ni, Malam." Sannan ya juyo wurin Auta. "Yarinya, zan gaya miki gaskiya. Abin da aka rasa, ba duka ne zai dawo ba. Amma in kuka koma yanzu, zai iya tsayuwa."

A hanya Mama ba ta dake ta ba, ba ta zage ta ba. Da ma ta dake ta, da ya fi sauƙi. Abu ɗaya kawai ta ce: "Da kin ce ba za ki iya ba, da na nemi wani."

Washegari Auta ta riga Mama tashi. Aikin ya dawo sabo, kuma ya fi da wuya. In ta lanƙwasa ƙafar, Baba sai ya juya fuska bango don kada ta ga hawayensa. Ta gani. Ko ƙofar maƙwabta ba su kai ba ranar.

"Baba, me ya sa ka ce laifinka ne?"

"Ke yarinya ce, Auta. Na ɗora miki kaya mai nauyi. Ni ma da na buɗe baki na tashe ki."

Barci bai daina yi mata daɗi ba. Akwai safiyar da take jin kamar an ɗaure ta da katifa. Sai ta sauko da ƙafa ɗaya, ta sauko da ɗayar, ta nufi buta. In ana ruwa, a cikin falo suke zagaye. Malama ta daina kiran sunanta cikin masu makara.

An daɗe ana haka. Ƙafar ba ta koma kamar da ba. Har yau Baba yana ɗan jan ta, kuma Auta ta san dalili. Amma wata safiya aka buɗe shagon. Aka kawo wani yaro mai sumar da ta yi tsiri. Baba ya jingine sandarsa a bango, ya ɗauki almakashi. Auta ta tsaya a bayansa, hannuwanta a shirye.

Ya yi askin tun daga goshi har ƙeya. Bai zauna ba, bai dafa komai ba.

"Ga shi nan," in ji Baba. "Yanzu uwarka za ta gane ka."

Kowa ya yi dariya. Auta ma ta yi, tana share ido.

Ta koyi cewa abin da ake yi kowace safiya, komai ƙanƙantarsa, shi ne yake gina lafiya. In aka ce sai gobe, ɓarnar ba ta jiran gobe. Wani lokaci kuma ba mai barcin ne yake shan wahalar ba, wanda yake jiransa ne.