Muƙamuƙin da Farfesa Bai Lasa Ba

Da safe mai shara ta ɗaga muƙamuƙin kadan don ta goge ƙarƙashinsa, ya suɓuce mata ya rabe biyu. Ta ɗora hannu a ka. Ƙashin wata dabba ne da ya zama dutse tun zamanin da teku ke kwance a wurin, kuma sashen nazarin duwatsu na jami'ar ba shi da abin taƙama kamarsa. Sai dai cikinsa fari fat ne, filasta ce aka shafa wa fenti. Na gaskiyar ya yi ƙafa.

Da yake makullin ɗakin da ake ajiye shi na hannunta, nan take aka rufe baiwar Allah a caji ofis, ga goyo ta bari a gida.

Sufeton da aka ba aikin mace ce marar gaggawa. Ranta bai kwanta ba, don wanda ya ajiye jabu ba zai fasa shi da hannunsa ba. Mai yin kwafin ƙasusuwa a sashen ya amsa cewa jabun aikinsa ne, ya zuba shi tuntuni don koyarwa, yana ajiye a sito da kowa ke shiga. Shi kuwa tun hutu yake kwance da karaya, sai ta cire shi daga zargi. Saura ta san yaushe aka yi musayar.

Ta zauna da ɗalibai. Suka ce Farfesa, dattijon da ya haƙo ƙashin da hannunsa, shi kaɗai ke fito da shi a aji. Suna dariya suka ba ta labarin halinsa: duk ranar darasin sai ya ɗora harshe a kansa, ya nuna musu ƙashi yana kama harshe, dutse ba ya kamawa. Har kwaikwayonsa suke yi. Wata ta ce su dai bana an cuce su, makon jiya bayani kawai ya yi ya mayar.

Sufeto ta sami Farfesa a ofis yana ɗaure littattafai, ritaya ta zo.

"Baba, me ya hana ka lasa bana?"

Ya ci gaba da ɗaure littattafansa, sai ta ƙara da cewa:

"Da ka lasa ya ƙi kamawa, da ka yi ƙara. Ba ka lasa ba don ka san fenti ne."

Dattijon ya zauna. Ya ce ƙashin na gidansa, a naɗe cikin bargo, bai taɓa tunanin sayarwa ba. Rufin ɗakin na yoyo, ya yi magana har ya gaji, danshi ya fara cin haƙoran. Ya ji tsoron in ya tafi babu mai kula.

"Dabbar nan ta daɗe a ƙasa tun babu mutum, 'yata. Ba zan so ta ƙare a hannunmu ba."

Wallahi ya ba ta tausayi, kuma ta yarda gaskiya ya faɗa. Ta tambaye shi ko ya san inda mai shara take. Ya ce ya ji, yana ta jiran ya ga ko za su sake ta da kansu.

"Ka iya jira, Baba, aikinka ya koya maka. Jaririnta bai iya ba."

Ya miƙe yana laluben hularsa don ya bi ta caji ofis.