Gwanin Suman Ƙarya

A wani ƙauye can, an yi wani malalaci da ya gwanance da suman ƙarya. Da an fita gayya, sai ya yanke jiki ya faɗi. A yayyafa masa ruwa, a kai shi inuwa, a dama masa fura. Ko ranar da malamin asibiti ya koyar da ceton rai, don a inuwa ake yi ya zauna.

Ran nan ana cikin noma, sai Sarkin Noma ya faɗi. Mutane suka ruga ɗebo ruwa da fura.

Malalaci ya girgiza shi, ya kira shi, ya dubi ƙirjinsa. Shiru.

Ya ce, "Ku ajiye furar nan! Wannan ba irin nawa ba ne, ba ya numfashi! A kira malamin asibiti!"

Ya ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirjin, ya yi ta dannawa da ƙarfi, da sauri. Gumi ya jiƙe shi sharkaf, bai tsaya ba har malamin ya iso.

Da Sarkin Noma ya warke, sai ya kawo masa tukuici: sabuwar fartanya.

Ya ce, "Ashe akwai ƙarfi! Gobe kusa da ni za ka yi noma."