Ƙusa Huɗu a Jikin Tsamiya

Ku yi bisimilla kafin ku karanta, kamar yadda Yaya Ɗantala ya sa muka yi kafin ya faɗa mana. Ɗan kawuna ne, ya girme ni da shekara tara. Sana'arsa haɗa intanet a ofisoshi da makarantu. Wata rana ya zo gaishe mu, aka ɗauke wuta bayan magariba, muna zaune a tabarma a tsakar gida. Yarana suka dame shi ya buɗe musu wayafai na wayarsa, su samu intanet. Ya ce zai ba su, amma sai ya sa kalmar sirri tukuna. Babbarsu, Saratu, ta ce Kawu dai akwai rowa. Bai yi dariya ba. Sai ya ce mu matso.

Shekara shida ke nan, in ji shi. Matarsa Lantana tana da cikin fari, ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Tungar Maɗi, ƙauyen da ke hayin gulbi. Tsakiyar damina ce. Ya taso daga wurin aiki da jakar kayansa a bayan babur, ya ce bari ya kai mata 'yan kayan jarirai ya juyo. Yana haye gada ruwa na lasar bakinta. Kafin azahar babu gadar. Gulbi ya shafe ta.

A ranar naƙuda ta tashi.

Aka kai Lantana ɗan asibitin ƙauyen. Ma'aikaciya ɗaya ce a wurin, ungozoma, Malama Hajo. Da la'asar ta fito ta same shi a baranda, fuskarta babu walwala. Ta ce yaron da ƙafa ya taho. Ta ce ba ta taɓa karɓar irin wannan ita kaɗai ba. Akwai likita a birni da ta ba ta lamba, ta ce in irin haka ta faru a kira ta ta bidiyo, tana gani tana faɗin abin da za a yi. To amma a Tungar Maɗi ko kiran waya sai an hau tudu.

Asibitin yana da intanet. Wata ƙungiya ta kafa farantin kamo intanet a saman ofis, da batirin hasken rana, da rauta, wato akwatin da ke karɓar intanet ɗin yana rarrabawa. Sai dai ofishin wani ɗan ƙaramin ɗaki ne a bakin ƙofa, ɗakin haihuwa kuma yana can ƙarshen fili, bangonsa na ƙasa mai kauri. Wayafai ba ya kaiwa. Malama Hajo ta ce ba za a ɗaga Lantana ba, ko taku ɗaya.

Ya ce a jakarsa akwai wani ɗan farin akwati mai kunnuwa biyu. Aikinsa ke nan: a jawo masa waya daga rauta, a ɗora shi a sama, ya watsa wayafai inda na rauta bai kai ba. Ya warware wayar da yake da ita. Ta zo tsakiyar fili ta ƙare.

A daidai nan akwai tsamiya.

Ya ce daga baya ne ya tuna abubuwan da idonsa ya gani hankalinsa bai ɗauka ba. 'Ya'yan tsamiya a zube, ba wanda ya tsinta. Babu kashin akuya a gindinta. Hanyar ƙafa da ta taso daga ƙofa ta zo kusa da ita sai ta yi kwana, ta zagaye.

Ya jawo benci, ya hau, ya zaro guduma. Surukarsa Inna Kande tana zaune a ƙofar ɗakin haihuwa. Ta gan shi. Ta miƙe tsaye, ta buɗe baki. Amma Lantana 'yar farinta ce, shi kuma mijinta. Tun da aka yi auren ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba su taɓa haɗa ido ba. Ta duba ko akwai wanda za ta aika, babu kowa. Ta ja mayafi ta koma ta zauna.

Ya buga ƙusa huɗu. Bai yi bisimilla ba. Bai yi sallama ba.

A ta huɗun tsuntsaye suka yi tsit.

Ya rataye akwatin, ya soka waya, wuta koriya ta kama. Ya sauko ya buɗe kwamfutarsa a kan benci, ya shiga shafin akwatin. Ya ba wayafai ɗin suna, Asibiti. Ya zo gurbin kalmar sirri. Sai ya ji muryar Lantana daga ɗaki, irin wadda bai taɓa jin ta yi ba. Ya ce a ransa, wa zai tsaya buga kalmar sirri yanzu? Wa ma yake da babbar waya a nan? Ya bar gurbin fayau, ya danna.

Malama Hajo ta leƙo ta taga, ta ce ta ga sunan, sigina a cike, amma wayarta sai juyawa take, ta ƙi shiga.

Yaya ya tsaya ya yi mana bayani, don mu gane. Ya ce rauta kamar mai unguwa take. Duk wayar da ta shigo sai ta ba ta lamba, adireshi ke nan, kamar lambar gida, don saƙo ya san inda zai je. Wannan rautar adireshi hamsin aka ware mata. In sun ƙare, duk wanda ya zo sai ya tsaya a waje.

Ya buɗe jerin waɗanda suka shiga. Hamsin cif. Ɗaya kwamfutarsa. Sauran arba'in da tara babu suna.

Ya duba filin asibitin. Shi da Inna Kande ne kawai.

Ya ruga ofis ya kashe rauta ya kunna, ya dawo ya zuba wa jerin ido. Ɗaya. Biyu. Bakwai. Ashirin. Kafin ya sauke numfashi, hamsin. Ya koma gurbin kalmar sirri ya rubuta, ya danna. Shafin ya juya ya dawo, gurbin babu komai. Ya sake. Ya sake. Hadari ya haɗo, gari ya yi duhu kamar magariba, aka fara yayyafi. Malama Hajo ta sake leƙowa, ta ce ƙafafu sun fito, don Allah ya yi sauri.

"Sannu da aiki, mai guduma."

A bayansa. Ya juya.

Wata tsohuwa ce zaune a kan saiwar tsamiyar, 'yar ƙarama, da zane baƙi. Bai ji zuwanta ba. Ya ce yawwa Iya, ya mayar da kai kan kwamfuta. Sai wani abu ya sa ya sake dubawa. Yayyafi na sauka a kansa, a kan benci, a kan ƙasa. Ita a bushe take. Ƙasar da ke gabanta ta yi laushi, amma babu sawu ko ɗaya.

Leɓenta ya motsa. Babu murya. Sai da ta rufe baki sannan maganar ta iso, kamar kiran da sigina ta yi wa ƙaranci.

"Bangon wa ka buga?"

Ya ɗaga kai ya dubi ƙusoshin, ita kuma ta ci gaba.

"Huɗu. Ta ukun ta sami jikata a kafaɗa."

Ya fara Ayatul Kursiyyu, yana yi yana tuntuɓe. Ba ta gudu ba. Ba ta ƙone ba. Ta sunkuyar da kai tana saurare har ya kai ƙarshe, sannan ta ce su ma suna karantawa a gidansu. Allah da ya halicce mu shi ya halicce su, a cikinsu akwai masu salla, wannan kam malamai sun faɗa mana.

Ya durƙusa a cikin taɓo. Ya ce matarsa ce a ciki. Ya ce haihuwar fari ce. Ya ce a ba shi adireshi ɗaya, ɗaya tak.

"Ka kafa ƙofa a bangonmu, ka bar ta a buɗe. Yara suka gani suka shiga. Laifin wa?"

"Nawa ne, Iya."

Ya ce a lokacin jira yake ta nemi baƙin bunsuru ko jan zakara, yana roƙon Allah a zuci ya riƙe masa imaninsa, don bai san abin da bakinsa zai ce ba in ta nema. Ba ta nemi komai ba.

"Cire ƙarfenka. Ka yi sallama. Ka rufe ƙofarka."

Ya hau benci ya sauke akwatin. Ya sa bakin guduma ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ta ukun ta fito da ɗumi kamar an ciro ta daga jikin mutum. Ya ja baya, ya fuskanci tsamiyar, ya ce assalamu alaikum, ku yafe mini. Daga can cikin rassa aka amsa. Murya da yawa, ƙasa-ƙasa, manya da ƙanana.

Ya rubuta kalmar sirri. Wannan karon ta zauna. Jerin ya zube, saura kwamfutarsa kaɗai.

Ya yagi takarda ya rubuta kalmar, ya rasa yadda zai kai, don namiji ba ya shiga can. Sai ga Inna Kande a gabansa, cikin ruwa. Ba ta dube shi ba. Ta miƙo hannu ta karɓa, ta juya da gudu irin na tsofaffi.

Saura inda zai ɗora akwatin. Ya ajiye a kan benci, Malama Hajo ta ce sigina ɗigo ɗaya, ba ta kira. Babu sanda, babu turke, waya kuma ba ta kai ko'ina ba. Ya naɗe akwatin a leda, ya hau benci nesa da tsamiyar gwargwadon yadda wayar ta bari, ya ɗaga shi sama da kansa da hannu biyu.

Ta taga ya ji wayar Malama Hajo ta yi ƙara. Ya ji muryar mace, a natse, tana cewa a haska mata nan, kada a ja, a bar shi ya sauko da kansa.

Ruwa ya kece.

Ya ce akwatin nan bai kai nauyin kwanon tuwo ba. Amma ku ɗaga kwano sama da kai ku tsaya ku gani. Kafaɗunsa suka fara wuta. Yatsunsa suka mutu. Duk sanda hannunsa ya ɗan sauko sai Malama Hajo ta ce hoto ya tsaya, sai ya cije ya mayar. Bai san tsawon lokacin ba. Ya ji an kira magariba a can cikin gari, sama-sama. Ya ji likitar ta ce jiki ya fito, saura kai, yanzu ne, Hajo ki saurare ni da kyau, ki sa hannunki a...

Maganar ta yanke.

Hannunsa ne. Sun sauko har goshinsa. Ya yunƙura, suka ƙi. Yana ba su umarni kamar na wani. Malama Hajo tana kiran likita, likita. Lantana kuma ta daina kuka gaba ɗaya, wannan shirun ya fi komai tsorata shi. Ya ce ya Allah, ba ni da kowa, ba ni da komai.

Sai ya ji hannu biyu a ƙarƙashin gwiwar hannunsa. Sanyi ƙalau. Suka ɗaga shi sama, sama, fiye da inda shi ya iya kaiwa. Yana kan benci ne fa. Tsohuwar kuma ko ƙirjinsa ba ta kai ba.

"Kada ka waiwaya," aka ce a kunnensa. "Ni ma na haifa."

Muryar likita ta dawo tar. Ya rufe ido, yana salati, bai waiwaya ba. Numfashin da ke bayansa ƙamshin ɗanyar tsamiya yake.

Aka yi shiru a ɗakin. Aka yi tafi biyu a jikin fata. Sannan kuka, siriri, mai ƙarfi.

Hannuwan suka sake shi. Ya faɗo daga benci cikin taɓo, akwatin a ƙirjinsa. Gindin tsamiya babu kowa. Inna Kande ta fito bakin ƙofa, ta fuskanci bango kamar da shi take magana, ta ce mace ce, kuma uwar tana nan da ranta.

Jaririyar nan ita ce Rakiya, wadda kuka sani, mai wushirya.

Washegari ya sari dogon gora ya kafa can nesa da tsamiyar, da bisimilla, ya ɗaure akwatin ya bar wa asibitin. Kafin ya rufe kwamfuta ya duba jerin. Uku ne. Tasa, da wayar Malama Hajo, da ɗaya babu suna. Bai ba kowa kalmar sirri ba bayan takardar nan. Ya kai yatsa zai cire ta, sai ya janye. Ya ce duk zuwan da ya yi tun daga lokacin tana nan, a adireshi ɗaya, ba ta taɓa jawo wani ba.

Saratu ta tambaya da 'yar murya, to me tsohuwar take yi da shi?

Ya ce bai sani ba. Ran Juma'a da yamma ne kawai yake ganin ta ɗan motsa, kamar tsawon gaisuwa. Wataƙila ita ma tana da 'ya a hayin wani gulbin.

Sannan ya naɗe hannun rigarsa, ya haska da fitilar waya. A ƙarƙashin kowace gwiwar hannu akwai shatin yatsu huɗu, farare, dogaye fiye da na mutum. Na taɓa da kaina. Wurin sanyi gare shi.

Ya ce in Allah ya kai ɗayanmu Tungar Maɗi, kada ya bi ta filin asibitin nan shi kaɗai tsakanin la'asar da magariba. Kada ƙarfe ya taɓa itacen da bai sani ba sai da sallama. In kuma muna tafiya a daji, inda babu gida babu rumfa, waya ta nuna mana wayafai a buɗe babu makulli, mu mayar da ita aljihu, mu yi ta'awwuzi, mu ƙara sauri.

Babu wanda ya sake tambayarsa wayafai a ranar. Na tashi na rufe randa, na tofe yaran da addu'a ɗaya bayan ɗaya. Allah ya raba mu da taɓa gidan da ba mu gani, ya sauki duk mai ciki lafiya.