Tabawa da 'Yan Tsaki Bakwai

A can zamanin da, a wani ƙauye, an yi wata yarinya mai yawan tambaya, ana kiranta Tabawa. Ran nan da damina shaho ya sure kazarsu, ya bar 'yan tsaki bakwai cikin sanyi, ko kwana biyu ba su yi da ƙyanƙyashewa ba.

Kakarta ta zuba su a kwando, ta ajiye kaskon garwashi a gefe. Tabawa ta ce, "Kaka, yaya zan gane ɗumin ya ishe su?"

Kaka ta ce, "Zauna ki sa ido, jikata. Ni na tafi gona."

Tabawa ta zauna, ta sa ido. Sai ta ga sun dunƙule wuri ɗaya suna ta kuka. Ta ce, "Ko sanyi suke ji?" Ta matso da kasko.

Ƙawayenta suka leƙo suka ce, "Tabawa, taho mu yi gaɗa!"

Har ta miƙe, sai ta ga 'yan tsakin sun gudu can gefen kwando, bakunansu a buɗe. Ta ce, "To, me kuma ya sa suke haki?" Ta miƙa hannu ciki, ta ji zafi rau. Da sauri ta janye kaskon kaɗan, ta ce wa ƙawayen, "Ku je, yau ba ni zuwa."

Ta sake zama, ta sa ido. A hankali suka bazu, suka yi shiru. Ƙaraminsu ya hau tafin hannunta, ya lumshe ido. Tana jiyo waƙar gaɗa daga dandali, hannunta har ya sage, amma ba ta motsa ba sai da ya farka don kansa.